Na ja linzami jirgi yana rigingine: laifin rimot ne ko na yatsuna?

Nura Ɗan Auta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Yau dai a buhu na kwaso jirgina, ɗan jirgin saman da ake tuƙawa da rimot. Wata biyar ina tashi da mai fiffike a sama, irin na koyo, har na kai ina sauke shi ƙafa ba ta lanƙwashe ba, sai na ga lokaci ya yi da zan fara taɓa wasa. Na haɗa mai fiffike a ƙasa, faɗinsa mita 1.2, batir mai sel uku. Yau ne tashi na huɗu da shi. Na yi alkafura biyu suka fita, ko da yake ta biyun ta karkace hagu. Sai na ce bari in gwada mirgina. Na kwantar da sandar eleron, mai mirgina jirgi, zuwa dama, jirgi ya juya har cikinsa ya kalli sama, daga nan ban san me ya faru ba. Na ga hanci ya sunkuya, na ja linzami iya ƙarfina, maimakon ya ɗago sai ya ƙara nutsewa, ya caki ƙasa. Batir ya fita ta gaba ya tafi da mazaunin mota, wato injin da ke juya farfela. Ni dai ina zargin sigina ce ta ɗauke, don wallahi na ja bai amsa ba. Ƙanina ya ɗauka da waya, ga bidiyon nan.

Garba Mai Gam:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Auta. Barka da shigowa ƙungiyar masu buhu, mun daɗe muna ajiye maka kujera. Kar ka zubar da ko ɓalli ɗaya, ka koma wurin ka tsince har ƙananan. Abin da ido ke gani kamar shara, da gam da haƙuri jirgi ne.

Malam Habu:
Auta, sannu da hasara. Na kalli bidiyon sau uku, na uku a hankali. Rimot ɗinka ba ta da laifi, kar ka ɗora mata. Abu biyu ne suka wanke ta. Na farko, ƙarar mota ba ta yanke ba har ya bugi ƙasa, alhali in sigina ta ɗauke risiba, na'urar da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgi, kan kashe totur, in dai ka saita ta yadda ya kamata. Na biyu, dubi yadda jirgin ya yanko baka mai kyau zuwa ƙasa. Jirgin da ba ya jin magana ba ya zana baka irin wannan. Ka ja, ya amsa. Abin da ka ce ya yi shi ya yi.

Linzami bai san sama ba, bai san ƙasa ba. In ka ja, hanci yana tafiya wajen rufin jirgin ne. Idan jirgi na tsaye daidai, rufinsa na kallon sama, sai ya hau. Idan yana rigingine, rufinsa na kallon ƙasa, kai kuma ka ja, to ka kira masa ƙasa da kanka. A sakan na 14 na bidiyon ka saki eleron jirgi yana rabin juyi. Tsoro ne ya sa ka saki, kuma tsoron ne ya sa ka ja. Kowa a nan ya yi wannan, wanda ya ce bai yi ba bai fara mirgina ba tukuna.

Aminu Sabon Shiga:
Ku gafarce ni, sati biyu ke nan da shigowata. Me ake nufi da linzami a jirgi?

Baba Lawal, mai kula da zaure:
Aminu, tambaya ba laifi. Elebeta muke nufi, marfin nan da ke kwance a jela, mai ɗaga hanci da sunkuyar da shi. Malam Habu ne ya raɗa mata linzami tun zauren nan yana sabo, don kamar doki ne, ka ja ya ɗaga kai. Marfin da ke tsaye a jela muna ce masa sitiyarin jela, shi ke karkata hanci hagu da dama. Eleron su ne na bakin fikafikai, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, jirgi ya mirgina. A tsarin da yawancinmu ke riƙe rimot, sandar dama ita ce eleron da linzami, ta hagu totur da sitiyarin jela.

Nura Ɗan Auta:
Malam, na koma na kalla. Gaskiya na saki, ban ma san na saki ba. Kunya ta kama ni. To me ya kamata in yi a lokacin?

Malam Habu:
Ka ƙarasa juyin. Ko ka ci gaba ta inda ka fara, ko ka dawo ta hanya mafi kusa, amma sai fikafikai sun daidaita rufi na sama kafin yatsanka ya taɓa linzami. Juya, sannan ja. Ka riƙa faɗin haka da baki kana tashi, ba wasa nake ba, ni sai da na yi wata guda ina faɗi kamar mai hadda.

Mirgina ta farko kuma ga yadda nake koyar da ita. Hau sama sosai. Ba shi wuta. Daidaita fikafikai. Ɗaga hanci kamar digiri 20 zuwa 30, sai ka saki linzami gaba ɗaya ya koma tsakiya, wannan sakin shi ne mutane ke mantawa. Sannan ka kwantar da eleron har ƙarshe, kar ka ɗaga yatsa sai ya dawo daidai. Hancin da ka ɗaga shi ne guzurin da jirgi zai ci yana juyi, ya fito hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, sai ka tallafe shi. Kai ka shiga hanci a kwance, a ƙasa ƙasa, fiffiken hagu ma ya ɗan faɗi tun kafin ka fara.

Sadik Mai Rataya:
Malam, da girmanka, amma ni ina ganin jirgin ma da nasa laifin. Ku dubi yadda hanci ya zube da zarar ya kifa. Wannan gabansa ya yi nauyi. Kuma juyin ya yi sanyi kamar tsohuwa na juya kwanciya, kusan sakan uku. Da ya ja batir baya, ya ƙara wa eleron tafiya, kafin tsoro ya iso hannunsa jirgi ya riga ya dawo. Ni nawa kafin ka ƙifta ido ya yi biyu.

Injiniya Bashir:
Sadik ya faɗi rabin gaskiya, amma rabin da ya bari shi ke karya jirgi. Bari in fara da tsayin da Nura yake. A ce yana gudun mita 20 a sakan. In ya ja har juyawar kaɗai tana cin ninki uku na jan ƙasa, faɗin zoben da zai zana ya kai mita 27, kuma wannan lissafin bai sa gudun da ke ƙaruwa yana gangarowa ba. In gudu ya ninka, zobe ba ninkawa yake ba, sau huɗu yake faɗaɗa. Daga bidiyon, in na auna da itatuwan baya, bai kai wannan tsayin ba. Wato tun lokacin da ya ja, an gama.

Kuma ja da ƙarfi ba ya ceto kullum. Fiffike ba don rashin gudu kawai yake sakin iska ba, don kusurwar da yake karɓar iskar ne, in ta wuce wajen digiri 15 a yawancin fikafikai, iska ta ɓalle daga bayansa. In ka ɗora wa jirgi ninki huɗu na nauyinsa, gudun da zai saki iska a kai ya ninka biyu. Shi ya sa za ka ga mutum ya fizgi linzami a ƙasan alkafura, jirgi na gudu sosai, sai kawai ya fyaɗa gefe ɗaya ya kife. Sai ya ce sigina.

Batun cibiyar nauyi kuwa, ba a matsar da ita da ka. A yawancin jirage irin wannan tana wajen kashi 25 zuwa 33 cikin ɗari na faɗin fiffike daga gaba, takardar jirgin za ta faɗi nata. Gwajin da nake yi: in hau a kusurwar digiri 45 da wuta, in kifa shi, in saki sanduna. In hanci ya riƙa sauka a hankali, daidai ne. In ya zube nan take, gaba ya yi nauyi. In ya ci gaba da hawa ko ya ƙara ɗagawa, baya ya yi nauyi, sauko da shi maza. Batir kuma milimita biyar biyar ake matsar da shi, a tashi a gani. Mai nauyin gaba yana tashi da wahala, mai nauyin baya kuwa sau ɗaya yake tashi.

Sadik Mai Rataya:
Yallaɓai Injiniya, ai ban ce ya kai batir jela ba.

Injiniya Bashir:
Ba ka ce ba, amma ba ka faɗi nawa ba. Mai wata biyar in ka ce masa ja baya, yatsa uku zai ja.

Anti Rabi:
Ƙanina Nura, sannu. Ni abin da zan ƙara ɗaya ne, simuleta. Kafin in kifa jirgin gaske sau ɗaya, sai da na yi sati uku ina kifa na kwamfuta a RealFlight, da rimot ɗina na gaske a hannu, kullum minti ashirin. Ba wasa nake yi a ciki ba, abu ɗaya nake maimaitawa: in kifa, in ƙirga uku ina tura sanda gaba kaɗan, in juyo. Na fasa ya fi ɗari a can, ko gam ban taɓa ba. Ranar da na yi a fili yatsana ne ya tura da kansa kafin kaina ya tuna. Wannan abin ba a koyonsa da fahimta, duk bayanin Malam ka gane shi yanzu, amma gobe in jirgi ya kifa hannunka zai sake ja, sai in ka horar da shi.

Kuma ka kwantar da hankali. Mutumin da ya fara alkafura da jirgin gaske, Pyotr Nesterov, sojan Rasha, ya yi ta ne a 1913 a Kiev, ladan da ya fara samu shi ne tsare shi da aka yi kwana goma don ya yi kasada da kayan gwamnati. Kai naka ka fasa, ba mai tsare ka.

Garba Mai Gam:
Anti, simuleta ba ta da iska ta gaskiya, kuma gwiwa ba ta rawa a gaban kwamfuta. Ni abin da na lura, kuma ba wanda ya ambata, Auta ya yi juyin ne yana bin iska. Iska ta biyo shi ta baya, fiffike ya rasa abin riƙewa, ya faɗo. Sau biyu ana yi min haka a kwanar da ke juya wa iska baya.

Injiniya Bashir:
Garba, a nan kam ban yarda ba. In iska tana tafiya bai ɗaya ba tare da fizga ba, jirgin da ya bar ƙasa bai san da ita ba. Yana cikinta ne, tana tafiya da shi gaba ɗaya, kamar kifi a kogi. Kifin da ya juya ya bi ruwa ba ya nutsewa don ruwa ya biyo shi ta baya. Gudun da fiffike ke ji shi ne gudunsa a cikin iskar, ba gudunsa a kan ƙasa ba.

Garba Mai Gam:
To me ya kayar da ni sau biyu? Aljanu?

Injiniya Bashir:
Idonka. Kai kana tsaye a ƙasa. Jirgi mai gudun mita 15 a sakan cikin iska mai mita 5, in ya fuskance ta kana ganin 10, in ya bi ta kana ganin 20. Da ka ga 20 sai ka ce ya yi gudu da yawa, ka rage wuta. Kuma kwanar tana buɗewa tana nisa da kai, sai ka ƙara ja don ka matse ta. Ka rage gudu, ka ƙara nauyi, fiffike ya saki. Iska ba ta taɓa shi ba, kai ka yi. Inda zan ba ka gaskiya shi ne iska mai fizga, da wadda ke birkicewa a bayan itatuwa da gine-gine kusa da ƙasa. Wannan kam tana kayarwa.

Garba Mai Gam:
Lissafinka na da kyau a takarda. Ni dai na san abin da na gani, kuma na san gam nawa na ƙarar.

Malam Habu:
Garba, Injiniya ya fi ka gaskiya, amma shawararka ba ta ɓaci ba. Mai koyo ya shiga alkafura yana fuskantar iska. Dalilin ba don fiffike ba ne, don idon matuƙi ne, abin ya fi zuwa masa a hankali kuma jirgi ba ya gudu ya bar shi. In kana so ka tabbatar, hau sama sosai ranar iska, sa wuta rabi kar ka taɓa ta, ka kwantar da shi ya yi ta kewaya. Za ka ga kewayen na tafiya da iska, amma jirgi ba ya faɗuwa a kowane ɓangare.

Sadik Mai Rataya:
Duk wannan doguwar hanya ce. Auta, sayi risiba mai jairo, na'urar da ke jin karkatar jirgi tana gyarawa. Irin na Spektrum masu SAFE akwai maɓallin da in ka rikice ka danna, jirgi ya daidaita kansa. Da kana da shi yau da jirginka na nan. Sannan ka samu ɗan jirgin soson EPP mara nauyi, mai ƙarfin da ya ninka nauyinsa biyu, ka fara koyon rataya a farfela, wato jirgi ya tsaya cik a iska hanci sama, a ƙasa ƙasa. In ya faɗi ka ɗauka ka karkaɗe ka sake jefawa. Wannan zana layi a sama da su Malam ke yi, a nesa kamar ɗigo, wa yake gani? Wasan tsofaffi ne, Malam ka yafe ni.

Malam Habu:
Na yafe, ɗana, tsufa ai ba zagi ba ne. Amma bari in gaya maka abin da ke cikin wasan tsofaffin. A F3A, gasar salon jiragen rimot ta FAI, hukumar wasannin sama ta duniya, jirgi ba ya wuce mita biyu a tsawo, ba ya wuce mita biyu a faɗi. Ana tashi a wajen mita 150 daga matuƙi, cikin fili mai digiri 60 hagu, 60 dama, 60 sama. Alƙalai na ba kowane salo maki daga sifili zuwa goma, a ninka da nauyin wahalarsa, kuma duk karkata ta digiri 15 maki ɗaya ne ya tafi. Ba hancin jirgi suke kallo ba, hanyar da ya bi suke kallo, don haka in iska na tura ka gefe dole ka karkata hanci cikinta layin ya fito a miƙe. Jairo kuma haramun ne a can. Hanno Prettner na Ostiriya sau bakwai yana cin kofin duniya a wannan fanni, da yatsunsa.

Ni ba na raina rataya. Na gwada, na san sitiyarin jela da totur ba sa hutawa ko sakan ɗaya, kuma in cikin jirgi ya juyo yana kallonka komai ya juye. Gwaninta ce. Amma ga jarrabawa, Sadik. Ka ratsa fili daga wannan ƙarshe zuwa wancan a miƙe, tsayi ɗaya, nisa ɗaya, fikafikai a daidaice, ka juyo ka sake bin layin nan dai, sau biyar a jere, ranar da iska ke zuwa ta gefe. Ka ɗauka mana. Na ga masu rataya da yawa da suka kasa wannan.

Sadik Mai Rataya:
Haba Malam, layi kawai?

Malam Habu:
Layi kawai. Jairo a kashe.

Anti Rabi:
Ni ina tsakiya a batun jairo. Iri biyu ne ai, kada a haɗa su. Akwai wanda ke rage fizgar iska kawai, jirgi ƙarami ya ji kamar babba, ba ya hana ka komai. Akwai kuma yanayin da ke daidaita jirgi da kansa yana ƙayyade karkata, wannan in yana kunne ba za ka iya mirgina ba ma, zai tare ka. Maɓallin ceto ba laifi ba ne, na fi son yaro ya danna ya koma gida da jirginsa. Matsalar ita ce shi ma yana buƙatar tsayi da lokaci, kuma wanda ya tsorata har ya saki eleron, anya zai tuna da wani maɓalli a kafaɗar rimot? Abu na biyu, jairo na ɓoye rashin saiti. Jirgi na iya kasancewa a karkace kai ba ka sani ba don ana gyara maka a ɓoye.

Baba Lawal, mai kula da zaure:
Muhawara ta yi daɗi, a ci gaba da ladabi. Zan tsoma baki a abu ɗaya. Na kalli bidiyon ni ma, abin da ya tayar min da hankali ba jirgin ba ne, inda ya dosa ne. Nura, ka yi juyin hanci na kallon wajen da kuke tsaye kai da ƙaninka. Ba a yin salo ana fuskantar mutane, ana yi ne a layin da ya gitta gabanka, can gaba, yadda in abu ya ƙwace zai tafi fili. Tsayi kuma mu kan ce kuskure uku: ka yi kuskure, ka yi kuskure wajen gyara shi, ka sake yi, har yanzu da saura. Amma sama ma tana da iyaka, ƙasashe da yawa sun tsayar da ita a mita 120, Amurka ƙafa 400, kowa ya duba dokar inda yake. Batirin da ya fita ta gaba kuma, in ya lotsa ko ya kumbura kar ka sa shi a caji, kar ka kwana da shi a ɗaki.

Nura Ɗan Auta:
Baba, na ji, kuma na gode. Batirin ya lotsa a kusurwa, na fitar da shi waje cikin tukunyar ƙasa da yashi. Tambaya: kafin in gyara wannan, zan iya koyon wani abu da tsohon jirgina na koyo?

Malam Habu:
Sosai ma. Zai yi alkafura, zai yi kan guduma, wato ya hau a miƙe ya juyo ta gefe ya gangaro, zai yi mirgina mai kama da ganga. Rigingine ne ba ya so, don ƙasan fiffikensa a shafe yake kuma fikafikan sun ɗaga kamar hannun mai addu'a, kullum so yake ya koma daidai, sai ka tura sanda da yawa. Na wasa fiffikensa sama da ƙasa iri ɗaya ne, shi ya sa bai damu da wane gefe ke sama ba.

Fara da alkafura, amma mai kyau. Yawancin mutane ƙwai suke zanawa ba zobe ba, don sun ja sun riƙe. A sama gudu ya ragu kuma nauyi na taya ka juyowa, sai ka sassauta linzami ya yi yawo kaɗan a ƙoli. Da hanci ya fara gangarowa rage wuta, a ƙasa ka ƙara ja a hankali, ka fita a tsayin da ka shiga. In ta zauna, rabin alkafura da rabin mirgina a sama shi ne Immelmann, sunan matuƙin Jamus na yaƙin duniya na farko. In ka juya tsarin, rabin mirgina sannan rabin alkafura zuwa ƙasa, shi ne abin da ka yi yau ba da niyya ba, sai dai masu yinsa da niyya suna rage wuta kuma suna farawa daga sama. Daga nan sai takwas ɗin Kuba, mai siffar lamba 8 a kwance, wanda Len Povey, Ba'amurken da ke horar da matuƙan Kuba, ya fito da shi a shekarun 1930. Duk salon nan layi ne da baka da juyi aka jera. José Luis Aresti na Sifaniya ma da alamomi ya rubuta su, har yau da su ake zana jadawalin gasa.

Injiniya Bashir:
In ka zo saita sabon, sa tafiyar marafai mataki biyu a maɓalli, ƙarama da babba, ka fara da abin da takarda ta ce. Saitin ekispo na rimot kamar 25 zuwa 30 yana tausasa tsakiyar sanda ba tare da ya rage ƙarshenta ba. Kula da alama: a rimot ɗin Futaba lambar ragi ce ke tausasawa, a na Spektrum lambar ƙari ce. Na ga wanda ya juya su, jirgi ya zama kamar an watsa masa ruwan zafi. Ka motsa sanda a ƙasa ka kalli marfin da idonka kafin ka tashi.

Garba Mai Gam:
Kawo gawar in gani, Auta. In fiffike bai karye a tsakiya ba, kwana biyu ne.

Nura Ɗan Auta:
Salam. Na dawo bayan kwana goma sha biyu. Yaya Garba ya tayar da jirgin, Allah ya saka. Na yi simuleta kullum kamar yadda Anti ta ce, ina faɗin juya sannan ja har ƙanina ya fara kwaikwayona. Jiya na yi gwajin digiri 45, hanci ya zube da sauri, na ja batir baya milimita biyar sau biyu, yanzu yana sauka a hankali. Yaya Sadik ya yi gaskiya a nan. Na yi mirgina shida a sama sosai, duk sun fita, ta huɗu na ji yatsana zai saki amma na danne. Sai dai alkafura har yanzu tana fita hagu, kamar ana murɗa ta, ko da na tabbatar fikafikai sun daidaita kafin in ja. Ta ma fi ta da karkacewa.

Sadik Mai Rataya:
A rubuta, an ce na yi gaskiya. Malam, na gwada layinka. Biyu suka fita a biyar, na ukun kamar maciji ya wuce. Ba zan saka bidiyon ba.

Malam Habu:
Biyu ba laifi. Saka na ukun, shi muke son gani.

Auta, tunda ka ce ta ƙaru bayan gyara, ɗauki jirgin ku biyu, ɗaya ya sa yatsa a ƙarƙashin tsinin farfela, ɗaya a ƙarƙashin jela, batir a ciki amma ba a jona ba. Ku ga wane fiffike ke faɗuwa, ku maimaita sau uku. Fiffike mai nauyi ba ya nuna kansa sosai a tafiya miƙe, ka riga ka ɓoye shi da tirim, ɗan gyaran tsakiyar marfi da ake yi a rimot, amma da ka ja nauyin ya ninka sai ya ja ka gefensa. In wannan ya fita daidai, manna tsinke dogo a kowane rabi na elebeta su haɗu a baya, ka ja sanda har ƙarshe ka ga ko suna tafiya tare.

Nura Ɗan Auta:
Mun gwada yanzu. Na hagu ne ke faɗuwa, duk sau ukun. Shi ne wanda aka ɗinke bakinsa.

Anti Rabi:
Garba, gam nawa ka zuba a wurin nan?

Garba Mai Gam:
Daidai wanda zai riƙe. Auta, kar ka kankare min aiki. Soka ƙananan kusoshi a bakin fiffiken dama ɗaya bayan ɗaya har ya tsaya a daidai, ka rufe da salatif, sannan ka mayar da tirim ɗin eleron sifili kafin ka tashi, don wanda ke kai yanzu na tsohon nauyi ne.